Wa Ya Shaƙe Ki?

Matar injiniya, da haka aka san ni a Doha. A wurin suna ko walima haka ake nuna ni: ga matar injiniya nan. Babu wanda ya taɓa tambaya ko ni ma na yi boko, alhali kuwa na karanci ilimin gwaje-gwajen asibiti a jami'a, har na yi aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Zariya kafin a ɗaura mini aure. Da mijina ya samu aiki a wani kamfanin gas sai ya riga ni tahowa. Daga baya ya aiko mini da biza, na sauka a filin jirgin Hamad da 'yata goye a baya, ina ta ɗaga kai ina kallon rufin ginin kamar wadda ba ta taɓa fita gari ba.

Gidanmu yana unguwar Abu Hamour, a hawa na biyu na wani bene mai launin ƙasa, ba nisa da babbar kasuwar kayan miya. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, ni da yarinyar. Fasfo ɗinmu suna ofishinsa, wai don kada su ɓace a gida. Duk ranar da na yi maganar aiki sai ya ce me na rasa? Firji a cike, ba a ɗauke wuta, ruwa ba ya yankewa, mata nawa ne a Zariya ke roƙon Allah ya ba su rabin abin da na samu?

A waje kuwa babu wanda ya kai shi kirki. Duk ɗan Arewan da ya sauka Doha bai san kowa ba, mijina ne zai je ya ɗauko shi, ya kawo shi gida in tuƙa masa tuwo. In an yi rasuwa shi ne kan gaba wajen zirga-zirga. Masu yabonsa ba ƙarya suke yi ba, yana yin waɗannan abubuwa duka. Kuma shi ɗin ne dai yake dukana.

Marin farko a mota aka yi mini shi. Mun je kasuwa, wani tsoho ɗan Sudan mai sayar da soborodo da busasshiyar kuɓewa ya ji muna Hausa, sai ya gaishe ni da 'yar Hausar da ya tsinta a bakin kakarsa. Yadda ya karya harshe ya ba ni dariya, na dara. Muna shiga mota, kafin in gama ɗaura bel, na ji saukar mari. Ya ce ba a gidan ubansa aka koyi washe wa maza haƙora ba. Daga nan abin ya zama jiki. Ya daina taɓa fuska, ya koma inda abaya ke rufewa. In ya huce ya sayo turare ko zobe, ya ce ni ce nake tunzura shi.

Na taɓa kai kuka wurin wata dattijuwa da muke kira Hajiya Babba, matar wani babban likita da ya daɗe a ƙasar, wadda duk matan Arewa ke taruwa a gidanta. Ta saurare ni har na gama, ta ba ni shayi, ta ce maza a ƙasar waje suna fama da matsin aiki, in yawaita addu'a, in rage musu. Ta ƙara da cewa kada maganar nan ta wuce falonta. Ba ta wuce ɗin ba.

Da yarinyar ta shiga makaranta sai na samu lokaci da safe. Na fara karatu a waya, ina shirin rubuta jarrabawar da ake yi kafin a ba mutum lasisin aikin asibiti a nan. Ban gaya masa ba. Mace ɗaya na gaya wa, matar wani abokinsa, ita ma don ta taɓa rubuta irin jarrabawar ne.

Wata Juma'a bayan masallaci muka yi baƙi, har da wannan matar da mijinta. Na yi shinkafa da miyar taushe. Suna sallama a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ya karatun jarrabawa? Allah ya ba da sa'a." Ba da mugunta ta faɗa ba, ta ɗauka ya sani. Ya yi murmushi, ya raka su har mota.

Ina wanke-wanke ya shigo kicin. Bai yi ihu ba. Ya tambaye ni wace jarrabawa ce, na gaya masa. Na ce ina so in yi aikin da na karanta. Sai ya kama wuyana da hannu biyu ya haɗa ni da firji. Na tuna ina kallon fuskarsa, babu fushi a cikinta, kamar mutumin da ke ɗaure buhu. Na tuna ƙarar ruwan famfo tana yin nisa. Da na farka ina kwance a ƙasa, zanena a jiƙe, na yi fitsari ban sani ba, 'yata kuma tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin roba. Shi ya tafi sallar la'asar.

Washegari muryata ta dushe. Ko ruwa na haɗiya sai in ji kamar ƙusa. Ranar Lahadi, da yake ita ce farkon mako a nan, ya ga abin ya ƙi sauƙi, sai ya ajiye yarinyar a makaranta ya wuce da ni asibitin unguwa da kansa. Muna zaune muna jira, wata nas tana tura keken awo kusa da mu, sai ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, "Ki ce mura ce ta kama miki maƙogwaro. Ni zan yi bayani, ke ki yi shiru."

Nas ɗin baƙa ce, gajeriya, da ɗan gicciye a sarƙar wuyanta. Ko kallonmu ba ta yi ba. Da aka kira ni ya miƙe zai bi ni, sai ta tare shi da Turanci, cikin ladabi, ta ce wannan ɓangaren mata ne, ya jira a waje. Ya ce matarsa ba ta iya magana ba, shi zai yi mata bayani. Ta ce likita za ta fito ta same shi in akwai buƙata. Ta rufe ƙofa.

Sai ta juyo ta ce da Hausa, "Sannu 'yar'uwa. Ni 'yar Pankshin ce."

Ashe ta ji duk abin da ya faɗa mini. Ta haska idona da ɗan tocila, ta daɗe tana kallon jajayen ɗige-ɗigen da ni ma na gani a madubi. Ta nemi izini ta sauke mayafina zuwa kafaɗa. Sannan ta ce, "Wa ya shaƙe ki?"

Da ta ce me ya same ki, da na ce mura. Ƙaryar tana bakina a shirye. Amma ba ta bar mini wurin ajiye ta ba. Na dubi matar nan da ban taɓa gani ba, na ji wani irin fushi ya taso mini, fushin da na daɗe ina dannewa. Da 'yar muryar da ta rage mini na ce, "Mijina ne, Sista. Wanda ke zaune a waje."

Ba ta yi salati ba, ba ta rungume ni ba. Ta ce, "To. Zauna nan, kada ki buɗe wa kowa." Ta dawo da likita, wata Balarabiya mai gilashi. Ina raɗa da Hausa, Sista tana mayar mata da Turanci, don maƙogwarona ba zai iya ɗaga murya ba. Likitar ta tambaya ko na suma, na ce e. Ko na saki fitsari, na ce e. Ko ya taɓa cewa zai kashe ni, na ce ya taɓa cewa in ya ga dama zai mayar da ni Najeriya a akwati. Ta cire gilashinta ta ce, "Ki saurare ni da kyau. Namijin da ya kai ga shaƙe matarsa har ta suma ya wuce mai duka kawai. Mun sha ganin irin wannan. Karo na gaba ba lallai ki farka ba. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, in kin yarda zan kira su yanzu."

Na ce, "Ba inda za ni ba tare da 'yata ba."

Ta ce, "Wace makaranta take?"

Abin da ya biyo baya ya yi sauri har na kasa bin sa a lokacin. Likitar ta fita ta gaya wa mijina cewa maƙogwaron yana buƙatar hoto a babban asibiti, kuma gaskiya ce ta faɗa. Aka sa ni a motar asibiti, shi ya biyo a tasa. A can ma ɓangaren mata aka shigar da ni, aka bar shi a wurin jira. Bayan an ɗauki hoton sai ga wata mata 'yar ƙasar, ta manyanta, da baƙar abaya da waya biyu a hannu. Ta ce ita jami'a ce daga cibiyar da ke kare mata da yara, daga yau duk abin da ya shafe ni ta hannunta zai bi. Tare da ita akwai 'yar sanda mace, matashiya, wadda ta rubuta bayanina ta ɗauki hoton wuyana da na cinyoyina. Da muka gama jami'ar ta ce, "Yalla, mu je mu ɗauko yarinya." Ta wata ƙofa muka fita. Yana can zaune yana jiran a kira shi.

Shugabar makarantar ta riga ta samu waya. Aka fito mini da 'yata rataye da gorar ruwanta, tana ganina ta ce, "Mama, ai ba a tashi ba." Na ce yau mu mun tashi da wuri.

Gidan da aka kai mu ba zan kwatanta inda yake ba, don har yanzu akwai matan da ke kwana a cikinsa. Gida ne kamar kowane gida, sai dai mai gadi ba ya buɗe wa kowa. Aka ba mu ɗaki mai gado biyu, da sabulu, da kayan sawa waɗanda ba namu ba. Akwai mata daga ƙasashe daban-daban, wasu ba ma jin yaren juna sai nuni da hannu a kicin. Aka sauya mini layin waya. Kwanakin farko barci kawai nake yi, in farka in duba ko yarinyar tana nan, in koma.

Da muryata ta ɗan dawo aka kira ni wani zama a ofishin cibiyar. Na tarar da tebur zagaye da mutane: jami'ar nan, da wani ɗan sanda babba, da lauya mace, da likitar ƙwaƙwalwa mai kula da yara, da wakiliyar asibiti. Sun roƙi Sista ta zo ta zauna kusa da ni, ta kuwa zo a ranar hutunta. Suka fara magana da Larabci, suna buɗe takardu, ana ambaton sunana ana wucewa. Na jira kaɗan, sai na buga tebur da tafin hannu. Na ce da Turanci, "Ina nan zaune. Wuyana ne, 'yata ce. Ku yi magana da yaren da nake ji, ni ma na je jami'a."

Sista ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sai jami'ar ta yi dariya ta ce, "Tana da gaskiya." Suka koma Turanci.

A zaman nan ne aka rarraba aiki. 'Yan sanda za su kira mijina su gargaɗe shi kada ya kusance ni, su kuma karɓo fasfo ɗinmu daga ofishinsa. Asibiti zai aika rahoton likita wurin mai gabatar da ƙara. Makaranta ba za ta miƙa yarinyar ga kowa ba sai ni ko direban cibiyar, har kotu ta yi magana. Lauyar ta gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye: babbar matsalata ita ce takardar zama, don yana iya neman a soke ta, in wayi gari ba ni da izinin zama a ƙasar da 'yata take. Ta ce za ta nemi a dakatar da hakan har shari'a ta ƙare, amma hanyar da ta fi ƙarfi ita ce in samu aiki, kafil ɗina ya zama wurin aikina. Na ce ai saboda jarrabawar aikin ne aka shaƙe ni. Ta ce, "To ki rubuta ta."

Can ɗan sandan ya gyara murya ya ce dole ne ya tambaya, ko ina da sha'awar a yi sulhu. Na sauke mayafina. Shatin yatsun ya koma kore-kore a lokacin, amma ana ganinsa. Na ce, "Da wannan za a yi sulhun?" Ya rubuta wani abu ya ce, "Khalas, an wuce wurin."

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. An sa ni na maimaita labarin kicin ɗin nan sau da yawa har na ji kamar labarin wata ce. Akwai ranakun da za a kai ni ofis in wuni a kan benci a ce in dawo. Akwai lokacin da na kira jami'ar ina kuka ina zaginta a zuci don ta yi kwana biyu ba ta ɗaga waya ba, ashe wata matar ce aka kawo mata wadda ta fi ni shiga uku. Amma ba wanda ya taɓa ce mini in koma.

Masu cewa in koma daga wajenmu suka fito. Hajiya Babba ta nemi ganina ta hannun Sista. Jami'ar ta ce in ina so, a yi a ofishinsu, ba a gidan da muke ba. Na ce ta zo. Ta shigo da ƙamshin turaren wuta, da kular farfesu a hannu. Na durƙusa na gaishe ta yadda aka koya mini a gida.

Ta ce, "'Yar nan, me muka yi miki da za ki tona mana asiri a ƙasar mutane? Yanzu duk ɗan Najeriya da ya shiga ofis kallon mai dukan mata za a yi masa. Ga manya a gari, ga malamai, ba ki neme su ba sai 'yan sanda?"

Na ce, "Hajiya, na neme ki. Kin ba ni shayi."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce, "Yaron nan ya yi kuka a gaban maigidana. Ya rantse ba zai sake ba. In aka kore shi daga aiki, mutum nawa ne ke ci a ƙarƙashinsa a gida? Ki janye ƙarar, mu za mu tsaya miki."

Na ce, "Hajiya, ranar da ya shaƙe ni, bayan na faɗi, tsallake ni ya yi ya tafi masallaci. Bai duba ko ina numfashi ba. Da ban farka ba, ku ɗin nan ne za ku yi mini wanka, ku raka gawata filin jirgi, shi kuma ku yi masa ta'aziyya. Ba zan janye ba."

Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce duniya ce za ta koya mini hankali. Ta bar kular farfesun. Mun ci da matan gidanmu, ya yi daɗi ƙwarai.

Wadda ta fi yi mini wuya ita ce Inna, mahaifiyata. Mijina ya riga ni kiranta, ya ce mata aljanu ne suka taɓa ni, wasu Kiristoci kuma suka hure mini kunne. Da na kira ta sai kuka take yi. Ta ce, "Ke kaɗai ce aka taɓa duka? Ki dawo gida to, in ba za ki koma ɗakinki ba, mu zauna da danginsa a yi magana."

Na ce, "Inna, in na dawo gida, kawunnaina za su taru a zaure su ba shi haƙuri, su sa ni a mota su mayar masa. Kin sani, na sani. A nan aƙalla akwai wanda zai hana shi."

Ta ce, "Yanzu bare sun fi mu ke nan?"

Na ce, "Ba su fi ku ba. Amma su sun tambaye ni wa ya yi."

Ta kashe waya. Mun yi watanni ba ta ɗaga kirana, sai ƙanwata ke gaya mini lafiyarta. Wannan ciwon babu cibiyar da ke da maganinsa. Na riƙa tura mata hoton jikarta duk Juma'a, ko ta buɗe ko kada ta buɗe.

Shi kuwa da ya ga manya ba su ci nasara ba, sai ya gwada da kansa. Wata rana da hantsi ya je makarantar yarinyar da ledar alawa, ya ce wa mai gadi ya zo ɗaukar 'yarsa za su je asibiti. Mai gadi ya ce ya jira, ya kira shugabar makaranta. Ita ta kira jami'ar, jami'ar ta kira 'yan sanda. Kafin ya gama ɗaga murya a bakin ƙofa mota ta iso. Ni ban ma sani ba sai da aka gama, ina can ina bitar darasin ƙwayoyin jini. A ranar na gane amfanin zaman teburin nan da ya gundure ni. Kowa ya san wanda zai kira, babu wanda ya tsaya yana tunanin ko wannan mutumin kirki mai farar jallabiya zai iya yin abin da aka ce.

An sa shi ya rattaba hannu cewa ba zai sake zuwa makarantar ba. Wannan zuwan nasa kuma ya taimaka mini a kotu fiye da duk abin da na faɗa da bakina.

Shari'a ta ja lokaci. A zaman farko, da na gan shi a ɗaya ɓangaren, lauyar ta riƙe mini hannu. Ya ce wa alƙali faɗuwa na yi a kicin. Aka karanta rahoton likita. Ban sunkuyar da kai ba, na dube shi har sai da shi ya kawar da ido. A ƙarshe kotu ta same shi da laifi, ko da yake hukuncin bai kai yadda zuciyata ta so ba. Wata kotun kuma ta raba auren, ta bar mini riƙon yarinyar, shi kuma aka ba shi damar ganinta a wani wuri na musamman, a gaban ma'aikaciya. Ban hana ba. Ubanta ne. Likitar yaran ta daɗe tana zama da ita, suna zane-zane, har ta daina firgita in ta ji an buɗe famfo da ƙarfi.

Jarrabawar kuwa na faɗi a karon farko. Na yi kuka na wuni guda, na sake zama. A karo na biyu na ci. Sista ce ta ji labarin wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa da ke neman ma'aikaciya, ta raka ni har ƙofa. Ranar da aka mayar da takardar zamana ƙarƙashin wurin aikina, na fito daga ofishin na tsaya a rana tsaka, zafin Doha yana dukan kaina, ban nemi inuwa ba.

Muka koma unguwar Mansura a nan Doha, ni da 'yata, ɗaki ɗaya a wani tsohon bene, muna haɗa kicin da wata mata 'yar zangon Kumasi mai aikin shara a filin jirgi. Ɗakin ko rabin falonmu na da bai kai ba. In an kunna injin wanki sai bango ya yi rawa. Hausarta da tawa sukan ba mu dariya, ita ta koya mini waken Gana da yajinsu da ake kira shito, ni na koya mata miyar kuka yadda ake yi a Zariya. Da safe in kai yarinyar wurin motar makaranta, in gangara in hau jirgin ƙasa na metro da farar rigar aikina a jaka. Inna ta fara ɗaga waya. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, sai dai takan ce, "Kina dai cin abinci ko?"

Da Babbar Sallah ta zo, 'yan Arewa suka kama wani zaure don taron shekara kamar yadda aka saba. Ba a gayyace ni ba, an ma cire ni daga zauren mata na waya tun tuni. Sista ta ce in bar su, me zan je nema? Na ce 'yata Bahaushiya ce, tana da haƙƙin ta ji ana Hausa ranar Sallah, ni kuma ban kashe kowa ba. Na tambayi jami'ar, ta bincika ta ce tsohon mijina ba ya ƙasar, ya tafi hutu gida, in je abina.

Na tashi da asuba na soya waina kula guda. Na ɗaura leshi ruwan goro, na yi wa yarinyar kitso da lalle. Muna shiga ɓangaren mata hira ta tsaya. Wasu suka duƙufa a kan waya. Na yi sallama da ƙarfi yadda ba wadda za ta ce ba ta ji ba, na wuce na gaishe da Hajiya Babba, na ajiye kulata a tsakiyar tebur tare da na kowa, na nemi kujera a gaba na zauna. Yarinyar ta ruga wurin yara.

An daɗe ba wadda ta zo kusa da ni. Sai matar nan da ta yi mini fatan sa'a a bakin ƙofar gidanmu ranar Juma'ar nan ta taso, ta zauna a gefena, idonta ya cika da hawaye. Na ce mata kada ta soma, ba ita ta yi ba. Wata kuma daga bayanmu ta leƙo ta ce, "Au, ashe kina nan? Mun ɗauka kin koma gida."

Na ce, "Ina nan. Ina aiki a Mansura. In kina son gwajin jini ki zo, hannuna ba zafi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka tsuke fuska. Na ɗebi tuwo na ci na ƙoshi, na zauna har aka yi addu'ar tashi. Da na je ɗaukar kulata babu ko waina ɗaya a ciki. Na kira 'yata, muka fita neman tasi.